Allura Uku da Kunnen Kanari

Inna, mahaifiyarsa, ita ce ta fara kiransa Barkono, ranar da ya gantsara wa malamin ajinsu cizo a hannu don ya zo raba shi faɗa, yana ɗan shekara bakwai. Ta ce, "Wannan yaro barkono ne, ɗan mitsitsi da shi sai yaji." Sunan ya bi shi makaranta, ya bi shi kasuwa, har matarsa ma in ranta ya ɓaci da shi take kiransa. Gajere ne siriri, idonsa kullum jajur kamar wanda hayaƙi ya shiga, bakinsa kuwa reza. In ka ce masa sannu, sai ya tsaya ya duba ko da wata manufa ka faɗa.

Likita ya so zama. Sau biyu yana zana jarrabawar shiga jami'a, sau biyu tana kayar da shi, kuma har yau in ka tambaye shi cewa yake masu duba takarda ne suka ci amanarsa. Da karatu ya ƙi, sai ya shiga kemis ɗin wani dattijo. Shekara shida ya yi yana goge kanta, yana zuba ƙwayoyi a 'yar leda, yana leƙen yadda ake tsira allura. Daga nan ya buɗe nasa a kwanar da ke fuskantar tashar mota. Shago ne ɗaki ɗaya, da kanta ta gilashi a gaba, da firjin da ruwan sanyi ya fi magani yawa a cikinsa, sai wani labule shuɗi da benci a bayansa. A bayan labulen nan yake yin allura. Lasisinsa bai ba shi wannan izinin ba, amma 'yan tasha ba sa tambayar lasisi. "Likita" suke ce masa, shi kuma bai taɓa gyara wa kowa ba.

Yayarsa guda ce, ciki ɗaya, ta ba shi shekara huɗu. Ita ta goya shi, ita kaɗai ce kuma yake yi wa shiru in tana faɗa. Mijinta mai walda ne, ƙaton mutum mai ƙarancin magana, wanda tun farko jininsa bai haɗu da na Barkono ba. Maiwalda na ganin ƙanin matarsa ɗan ƙarya ne mai wasa da ran mutane. Barkono na ganin mijin yayarsa ƙarfe ne ya cika masa kai. Suna gaisawa dai, irin gaisuwar da ake yi ana kallon wani wuri.

Auta a ɗakin Yaya ita ce Kanari, mace ɗaya bayan maza uku. Bakinta ne ya jawo mata sunan. In ta ji waƙa a rediyo sau ɗaya ta haddace, sai ta zo shagon kawunta ta ɗare kan kwalin ledar ƙarin ruwa ta rera masa, inda ta manta ta cike da kalmomin da ta ƙirƙira. Ita kaɗai ke taɓa kwalaben kantarsa bai daka mata tsawa ba.

Tana da shekara biyar, wata Laraba da hantsi, Yaya ta shigo da ita a kafaɗa. Tari ne da majina, da ɗan zafin jiki, kwana uku. Abin da aka faɗa a shagon nan ranar, har yau ba a daidaita a kansa ba. Barkono ya ce shi maganin tari na ruwa ya ɗauko, Yaya ce ta ce na ruwa wasa ne, a yi wa yarinya allura ta miƙe. Yaya ta ce ƙarya yake, shi ya ce, "Bari in ba ta mai ƙarfi, gobe war haka tana tsalle." Abin da ba wanda ya musa shi ne an ja labule, ya fasa bakin kwalbar jantamaisin, ya zuƙa a sirinji, ya yi mata. Washegari ya sake, rana ta uku ya sake. Tarin ya tafi.

Bayan kamar sati biyu aka fara cewa Kanari ta yi taurin kai. A kira ta ba ta juyowa. Ubanta ya kira ta sau uku a tsakar gida tana wasa da murfin kwalba, da bai ga ta motsa ba ya taso ya ɗauke ta da mari. Yarinyar ta ɗago tana kallonsa, ba ta san laifin da ta yi ba. Sai ranar da faranti ya suɓuce wa Yaya ya faɗi a siminti daidai bayanta, kajin gidan duk suka watse, ita ko gezau, sannan Yaya ta gane ba taurin kai ba ne.

A babban asibiti likitan kunne ya sa mata wani abu a kai, ya yi ta murɗa na'ura, ya tambayi abin da aka ba ta kwanan nan. Yaya ta faɗi sunan allurar. Ya ajiye biro ya ce, "Wane jahili ne ya yi mata wannan a kan tari?" Ya ce jijiyar ji ta mutu a kunnuwan duka biyu, kuma ba ta dawowa. Maiwalda na tsaye a bakin ƙofa, ya ji komai.

Daga asibitin bai je gida ba. Wurin aikinsa ya biya ya ɗauki guntun rodi, ya zo kemis ana tsaka da ciniki. Dukan farko kantar gilashi ta zube, kwalabe suka tarwatse har bakin titi. Ya fizge labulen nan ya taka. Sai da direbobi huɗu suka riƙe shi. Barkono kuwa, maimakon ya yi shiru, sai ya haye kan benci yana ihu.

"Mutum nawa na yi wa allurar nan a tashar nan? Ku faɗa masa! Ɗari nawa? Wa ya kurmance? Ka je ka nemi abin da ya sami 'yarka, ko marin da kake zabga mata ne!"

Wannan magana ita ta fi rodin ɓarna. Da Yaya ta ji, ta aiko masa da saƙo ta bakin matarsa cewa ba ta da ƙani.

Haka aka yi shekara goma sha huɗu. In sun haɗu a hanya, ɗaya ya tsallaka titi. 'Ya'yansu suka tashi ba su san ɗakin juna ba. Inna ta yi ta kuka tana roƙon a sasanta, amma ita kanta ba ta jin abin da ake faɗa, don tun Barkono yana ɗan shekara goma sha biyu kunnenta ya tafi, bayan doguwar jinyar tarin fuka da ta yi. Sai a yi ta zage-zage a gabanta tana bin bakunan mutane da ido. Ranar da ta rasu ma kowa gefensa ya zauna. An kai Kanari makarantar kurame, ta koyi karatu da karanta leɓe, daga baya ta koyi ɗinki. Maganarta ba ta ɓace ba, amma muryar ta karkace, tana fita da ƙarfi ba daidai ba, yara suna kwaikwayonta, sai ta daina yi a gaban baƙi. Barkono kan hango ta daga nesa ta wuce da ledar yadi. Ya sa sabon gilashi, ya sa sabon labule, ya ci gaba da allurarsa. A ransa dai tambaya ɗaya ce ke cinsa kamar ƙaya a tafin ƙafa: me ya sa ita kaɗai?

Amsar ta zo masa ne a inda bai zata ba. Hukuma ta tilasta wa masu kemis zuwa bitar kwana ɗaya, in ba haka ba ba sabunta lasisi. Aka tara su a wani zaure mai fanka ɗaya. Cikin masu jawabi har da shugabar ɗakin gwaje-gwaje na babban asibiti, wata doguwar mata mai furfura da tabarau a kan hanci, kowa Madam yake ce mata. Ko sallamar kirki ba ta yi ba. Ta ce rabin aikin da ke zuwa teburinta ɓarnar mutanen da ke zaune a gabanta ce. Ta ɗaga kwalbar jantamaisin ta ce, "Wannan kuna ba da ita kamar alewa. Akwai gidajen da allura ɗaya tak ta isa ta kashe kunnen mutum har abada, saboda wani abu da suka gada."

Barkono ya miƙe tun ba a ba da damar tambaya ba. "Wane irin gado? Magani ai magani ne."

Ta dube shi ta saman tabarau. "Malam, a ina ka yi karatun likita?"

Zauren ya ɗauki dariya. Ya zauna kunnuwansa na zafi, ya ƙudurta a ransa sai ya rama. Amma kalmar gadon nan ta hana shi sakat.

Sau uku yana zuwa ɗakin gwajin. Na farko mai gadi ya hana shi shiga. Na biyu ta aiko a ce masa tana aiki. Na uku ya zauna a bencin masu jiran sakamako tun safe har azahar, yana faɗa da duk wanda ya ce ya matsa, har ta gaji ta ce a shigo da shi kafin ya kore mata marasa lafiya. Ɗakin sanyi ƙalau, wani inji na juyawa yana ƙugi a kusurwa, kwalaben jini jere a cikin raga. Ba ta ce ya zauna ba.

"Minti goma. Ka san DNA?"

"Na sani mana. Wanda ake gwadawa a gane ɗa na waye."

"Iyakar abin da kuka sani ke nan." Ta jawo bayan wata tsohuwar takardar sakamako ta zana da'ira. Ta ce jikin mutum da ƙananan tantani aka gina shi, ido ba ya ganinsu, kowanne kuma da littafinsa na gado a kulle a tsakiya. Littafin shi ne DNA, kuma ba ya fita daga ɗakinsa. In jiki na son ƙera wani furotin, sai a kwafi shafin da ake buƙata a ba ɗan aike ya fita da shi. Kwafin nan RNA ne, ana ce masa mRNA. Akwai wani RNA ɗin kuma, tRNA, su 'yan dako ne. Kowanne na ɗauke da tubali iri guda, yana duba saƙon harafi uku-uku, in ya ga nasa ya sauke kayansa a nan.

"To ina ruwan allurata da 'yan dako?"

"In ka sake katse ni za ka fita." Ta zana wani abu kamar ƙwarya biyu a kife da juna. "Na uku shi ne rRNA. Shi ba saƙo ba ne, ba ɗan dako ba ne, shi ne injin da kansa, inda ake harhaɗa tubalan su zama furotin. Akwai wasu ƙanana ma da aikinsu su tare ɗan aike a hanya su yaga takardar in saƙon ya yi yawa, amma waɗannan sun fi ƙarfin kanka yau."

Ta ci gaba. Ta ce ƙwayar cuta ta bakteriya ita ma tana da nata injin, amma ƙirarsa daban da namu. Jantamaisin kamar tsinke take da aka sassaƙa daidai ramin injin bakteriya, in ta shiga sai ta cije shi, ya riƙa karanta saƙo ba daidai ba har ƙwayar ta mutu. Namu injin ba ta samun wurin kamawa sosai.

"Shi ya sa yawancin mutanen da kake yi wa suke tsira. Ko kuma ba ka sani ba, tunda ba bin sawunsu kake yi ba. Ko lafiyayye in ka cika masa ita sai ta ci kunnensa da ƙodarsa."

Sannan ta zana ɗan ƙaramin abu a gefen da'irar. Ta ce a cikin kowane tantani akwai 'yan janareto da ke ba shi wuta, kuma su suna da ɗan littafinsu na kansu, da nasu rRNA ɗin, wanda da ma ya yi kama da na bakteriya ƙwarai. A wasu gidaje harafi ɗaya ne ya sauya a ɗan littafin nan, sai injin janareton ya koma sak na bakteriya a daidai ramin da allurar ke nema. In ta shiga jini ba ta bambanta su. Tantanin cikin kunne da ke kama sauti su suka fi shan wahala, in sun mutu kuma ba sa tsirowa.

"Janareton nan kuma daga uwa kaɗai ake gadonsa. Na uba ba ya shiga. Uwa ta ba 'ya'yanta duka, maza da mata, amma matan ne kaɗai ke miƙa shi gaba."

Barkono ya jawo kujera ya zauna ba tare da an ce ya zauna ba.

"Allurar tarin fuka ta da, wadda ake yi kullum har wata biyu, danginsu ɗaya da wannan?"

Madam ta cire tabarau. Karo na farko ke nan da ta dube shi kamar mutum. "Wa aka yi wa?"

"Mahaifiyata."

"Yarinyar da ka kurmantar kuma 'yar wa ce?"

Bai ce mata ya kurmantar da kowa ba. Ashe a fuskarsa take karantawa tun ranar bita. Ya ce, "'Yar yayata ce. Ciki ɗaya."

"Miƙo hannunka," in ji ta. "In kana da shi, yayarka na da shi, 'yarta ma haka."

Sati bakwai aka yi kafin sakamakon ya dawo daga inda aka aika jinin. Cikin sati bakwai ɗin nan bai yi wa kowa allura ba, ya ce wa 'yan tasha hannunsa ke ciwo. Ranar da ta kira shi, ta tura masa takardar ta kan tebur, ta nuna masa layi ɗaya da bakin biro. Harafin ya sauya. Barkono ya miƙe tsaye, har yana buge raga da gwiwar hannu.

"Na faɗa! Shekara goma sha huɗu ina faɗa! Ba hannuna ba ne, jini ne!"

"Zauna," in ji Madam. "Me yarinyar take da shi ranar?"

"Tari da majina."

"Tari da majina na kwana uku galibi bairas ne, wata ƙwayar cuta daban da bakteriya. Da yawansu su kansu RNA ne tsagwaronsa a cikin ɗan kwanso. Ba su da inji, namu suke ara. Allurarka ba ta da abin da za ta kama a jikinsu, ko kwalba goma ka ɗura mata. Da ruwan ɗumi aka ba ta aka bar ta ta kwanta, da yau tana ji. Harafin nan yana jinin gidanku tun kakannin kakanni, kai ma ga shi kana ɗauke da shi kana jina sarai. Bindiga ce a rataye, kai ka ɗana ta. Wa ya rubuta maka allurar?"

Ya ce mata ita ba ta san wahalar talaka ba, tana zaune a sanyi tana zagin masu taimakon mutane. Ta ce ya ɗauki takardarsa ya rufe mata ƙofa ta waje, kuma ya gaya wa duk wanda ya fito ta tsatson uwarsa kada a kuskura a yi masa allurar nan ko danginta. Rabin maganarta ya zubar a bakin ƙofa. Da rabin da ya yi masa daɗi ya tafi.

Matarsa ta roƙe shi ya bari ya huce, ya nemi wani babba ya raka shi. Ya ce shi ba roƙo zai je ba. Ranar Asabar da la'asar ya tura ƙofar gidan da rabonsa da shi shekara goma sha huɗu. Maiwalda na zaune a tsakar gida yana wanke hannu da kananzir. Yaya na kwashe shanya. Kanari na bakin ɗakinta a kan keken ɗinki, ta ba ƙofa baya.

"Wa ya mutu?" in ji Maiwalda.

"Ƙaryarka ce ta mutu." Barkono ya ɗaga takardar sama. Ya zayyana musu duka, ɗan aike da 'yan dako da inji da janareto, yana yi yana haɗa wasu da wasu, amma inda yake so ya isa ya isa da kyau. "Gado ne. A jini yake. Shi ya kurmantar da Inna, shi ya kurmantar da yarinyar nan. Daga uwa ake ɗaukarsa, daga uwa kaɗai. Ka fasa mini shago a banza, ka raba ni da 'yar'uwata a banza."

Maiwalda ya daɗe yana goge yatsunsa ɗaya bayan ɗaya da tsumma. Bai kalli Barkono ba. Matarsa ya juya ya kalla.

"Ashe daga gidanku ne. Ƙaninki ya tsira, ke kika ba ta cutar. Ni kuma shekara goma sha huɗu ina kwana da marin nan a raina." Ya jefar da tsumman. "Har mazan ma kin ba su?"

Yaya ta tsaya da zani a hannu. Sai a lokacin Barkono ya ga inda kibiyarsa ta faɗa. Ta tako har gabansa, muryarta ƙasa-ƙasa.

"Ka wanke kanka ka shafa mini. Abin da ya kawo ka ke nan? Na goya ka a bayan nan kana mini fitsari, yau ka zo gidan mijina ka ce jinina ne cuta. Inna na kabari ma ba ka bar ta ba."

"Yaya, ni ma ina da shi, ai jini ɗaya..."

"Kada ka sake ce mini Yaya."

Ƙarar keke ta tsaya. Kanari ta ga inuwar mutane na motsi, ta juyo. Ta taso ta zare takardar daga hannun kawunta, ta karanta, ta kalli bakin uwarta, ta kalli na ubanta. Ta nuna wa Barkono bakinsa, alamar ya maimaita a hankali. Ya maimaita, wannan karon ba ihu. Da ya zo kan maganar uwa, ta ɗaga hannu ta tsayar da shi. Wata biyu ya rage bikinta.

"'Ya'yana fa?" Muryar ta fito da ƙarfi, a karkace. Rabonsa da jinta tun tana hawa kwalinsa.

"Duka za su ɗauka. Amma in ba a yi musu allurar ba..."

"Da ba ka yi mini ba fa?"

Duk tsawon rayuwarsa ba a taɓa yi masa tambaya ya rasa amsa ba sai ranar. Ta ninke takardar gida huɗu ta sa a aljihun rigarta, ta koma kan kekenta. Maiwalda ya ce ya fita tun yana ganinsa da ƙafa biyu.

Abin da ya biyo baya bai yi kyau ba. Maiwalda ya yi wata uku yana kwana a wurin aikinsa. Maganar ta fita, dangin angon Kanari suka so janyewa, sai da angon, wanda abokin karatunta ne a makarantar kurame, ya ce in ba ita ba sai dai rijiya. Ba a gayyaci Barkono ba. Shi kuwa sai ya cire labulen shagonsa ya ba matarsa ta yi tsumma, ya kai bencin waje. Masu son allura suka koma kemis ɗin gaba, suka kwashe sunan Likita suka kai can. Ya sa aka buga masa kwafin sakamakon, ya bi gidajen 'yan'uwan Inna mata da 'ya'yansu ɗaya bayan ɗaya. Da yake bai iya lallashi ba, a yawancin gidajen da faɗa aka rabu. Wata inna tasa ta ce yana so ya hana jikokinta aure, ta watsa masa ruwan wanke-wanke a ƙafa. Ya ce mata in ta ga dama ta jiƙa takardar ta sha, shi dai ya faɗa.

Shekara biyu bayan haka, wata ranar Litinin da rana tsaka, saƙo ya shigo wayarsa daga lambar da bai sani ba. "Kawu ka zo ɗakin jarirai na babban asibiti yanzu. Ba sa saurarona." Ko shagon bai rufe ba.

Kanari ta haihu kwana biyu da suka wuce, namiji, kuma zazzaɓi ya kama jaririn. Ya same ta tsaye a gaban ɗan gadon ta baje hannuwa, takardar nan da ta tsufa a ninke tana hannunta, nas biyu na faɗa mata ta matsa, ɗaya riƙe da sirinji. Sun ɗauka rikicin kurma ne kawai. Barkono ya dubi kwalbar da ke kan tire, ya gane ta tun daga bakin ƙofa.

Abin da ya yi a ɗakin nan, masu jinya sun daɗe suna ba da labari. Ya kira nas ɗin makauniya. Ya ce wa matashin likitan da ya shigo ya koma makaranta a koya masa rRNA. Likitan ya ce shi wane ne, ya ce mai kemis ne, likitan ya ce to a kira masu gadi. Suna jansa yana tirjewa yana ihun a kira Madam ta ɗakin gwaji, a karanta takardar kafin a taɓa yaron. Har takalminsa ɗaya ya bari a ciki. Suka ajiye shi a bakin baranda, ɗaya ya tsaya a kansa.

Yana nan zaune ya ga Madam ta wuce da sauri, ta dube shi ta saman tabarau ta shige ɗakin. Bayan kamar rabin sa'a saƙo ya shigo. "Sun canza magani." Ba godiya, ba komai. Ya karanta ya fi sau biyar.

Can sai ga Yaya ta fito daga ɗakin da fulas a hannu, za ta nemo ruwan zafi. Ta tsufa fiye da yadda ya zata. Ya miƙe da takalmi ɗaya, ya tsaya a tsakiyar baranda, bai san da wane suna zai kira ta ba. Ta zo daf da shi, ta dube shi daga sama har ƙasa.

"Matsa, ka tare hanya," in ji ta.

Ya matsa. Ta wuce. Ya juya wurin mai gadin ya fara yi masa masifa a kan a shiga a ɗauko masa takalminsa.